Amsa ga mai son fara ɗaukar hotunan titunan Kaduna

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka ce waya ce kaɗai gare ka, kana son fara ɗaukar hotunan cikin gari, kana tambayar inda ya dace ka fara, da kuma ko mutane ba za su yi maka caa ba. Na daɗe ina wannan yawo da ƙafata, bari in faɗa maka abin da na gani.

Batun waya ka cire shi a ranka, ta ishe ka. A titi ma ta fi babbar kyamara sauƙi, don da zarar an hango ka da ƙaton gilashi rataye a wuya sai kowa ya gyara tsayuwa, ko a ɗauka ɗan jarida ne kai, ko ma'aikacin da aka turo ƙirga rumfunan da za a rushe.

Kowa zai ce maka ka je Lugard Hall, ka je Murtala Square, ka je Masallacin Sultan Bello, ka leƙa wurin shaƙatawa na Gamji ka ɗauki tsohuwar gadar ƙarfen nan da aka kawo daga Zungeru. Ka je, ba laifi, daga 1917 zuwa 1967 garin nan ne hedikwatar Arewa, dole a sami gine-ginen da ke tuna wa mutum hakan. Amma waɗannan wuraren suna da masu ɗaukarsu, kuma gobe ma suna nan. Abin da ke damuna shi ne wanda ba wanda ya ɗauke shi a bakin komai. Tambayi duk wanda ka sani ya nuna maka hoton tsohuwar gadar Kawo da cunkoson da ke ƙarƙashinta kafin a sake gina ta. Ko shataletalen Leventis kafin a haƙe wurin. Ko lungunan Kasuwar Barci, da ƴan gwanjo da telolinta, kafin rusau ɗin 2020. Dubban mutane sun yi shekara da shekaru suna bi ta wuraren nan kullum, yau kuwa da kyar za ka sami hoto mai kyau guda. Wallahi wannan yana ci mini rai, domin yaran da ke tasowa yanzu sai dai a ba su labari da baki.

Don haka ni shawarata ka bi mota. Ka shiga bas daga Kawo ka biyo Ali Akilu zuwa Ahmadu Bello Way, ka sauka a Kasuwa. Wata rana ka haye gada ka wuce Kakuri ko Sabon Tasha. A tasha ake samun hoto: kwandasta yana reto a ƙofa da kuɗi nannaɗe a tsakanin yatsu, ɗan kamasho yana jan fasinja, mai Keke ya kifa kai a kan sitiyari yana jiran cika, mai faci da injinsa a gindin bishiya, yarinya mai awara, mai POS a ƙarƙashin lema. Ka riƙa duba rubutun bayan manyan motoci da na Keke, wani addu'a ne, wani habaici, kuma mota na canja hannu ake shafe shi. Kakuri kuwa a yi mata tafiya ta musamman. Nan masaƙar KTL ta fara aiki a 1957, wasu masaƙun suka biyo baya, har aka san Kaduna da garin masaƙu. Yanzu ƙofofi a garƙame, ciyawa ta ci harabar, amma tsofaffin ma'aikatan suna nan a unguwa. In ka zauna da ɗayansu ya yarda ka ɗauke shi a bakin ƙofar da ya yi rabin rayuwarsa yana shiga, ka sami abin da ya fi hoton kowace sabuwar gada. Haka Panteka, inda ake ƙera murhu da tukwane da ƙofofi, ga tartsatsin walda ga hayaƙi.

Lokaci kuma shi ne rabin aikin. Daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe tara, sai bayan La'asar zuwa dab da Magariba. Da rana tsaka haske na dukan kai, fuska ta yi duhu, kwalta ta yi fari fat. Ni na fi son hunturu, lokacin da hazo ke tausasa komai, ka tsaya a bakin kogi ka ga gadar jirgin ƙasa ta shige cikin ƙura, mutane na wucewa a duƙunƙune cikin rigunan sanyi. Damina ma tana da nata, musamman in ruwa ya ɗauke, fitilun motoci na ƙyalli a kan jiƙaƙƙen titi. Kada ka jawo hoto da yatsa, lalata shi yake yi, ka taka ka matsa kusa. Ka kuma goge gilashin wayar, aljihu na shafa masa maiƙo.

Sai maganar mutane, wadda ita ce babba. Kaduna gari ne da ya ga tashin hankali, mutane na da dalilin zargin baƙon da ke ɗaga waya. Sallama ita ce makaminka. Ka zauna wurin mai shayi ka sha, ka biya, ka ce, "Baba, ina tara hotunan garinmu ne don tarihi, ko za ka ba ni izini?" In ya ce a'a, ka yi godiya ka wuce. In ya yarda, ka nuna masa abin da ka ɗauka, in da hali ka wanko ka kawo masa, daga ranar ka yi uban gida a layin nan. A tashar mota ka fara gaida shugabannin ƙungiyar direbobi kafin ka ciro waya. Matan aure da ƴan mata kada ka ɗauke su ba da saninsu ba. Almajirai da mabarata kuma, don Allah kada ka mai da talaucinsu abin neman yabo a Facebook, su ma ƴaƴan wasu ne.

Akwai inda ba a gwadawa sam: barikin soja, makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA, sansanin sojan sama na Mando, gidan gwamnati, shingen jami'an tsaro, ƙofar banki. Garin nan cike yake da irin waɗannan wurare, wani lokaci katangar da ke bayan mai lemon da kake ɗauka ta bariki ce, don haka ka duba bayan hotonka kafin ka danna. Tashar jirgin Rigasa, wadda ta fara jigilar Abuja a 2016, tana da kyau sosai in jirgi ya shigo fasinjoji suka yo waje, amma tun harin da aka kai wa jirgin a Maris 2022 an tsaurara tsaro, sai ka nemi izinin ma'aikata tukuna. A cikin cunkoson Kasuwa kuma ka riƙe wayarka da kyau saboda masu fizge.

Kowane hoto ka rubuta masa sunan titi, da unguwa, da ranar da ka ɗauka, ka kuma ajiye kwafi a wani wuri ban da wayar, don waya na faɗawa ruwa ko ta ɓata. In ka shirya ranar Asabar, ka fara da tashar Kawo da sassafe, ka turo mana abin da ka samo mu duba tare.