Yadda za a tsara sito kaya su daina lalacewa a ƙurya

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sarin kayan masarufi, irin su shinkafa, man girki, madara, taliya da sabulu, kuma sitona yana Dei-Dei a Abuja. Lodin mota ɗaya kan cinye mana rabin yini, ga kaya suna lalacewa a can ƙurya. Wani ya ce in ba kowane kaya wurinsa na dindindin, wani kuma ya ce in sayi manhajar kwamfuta. Wanne zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya sa albarka a kasuwa. Ka ɗan dakata da batun manhaja. Abin da aka shigar mata shi take lissafawa, in sito a hargitse yake, hargitsin za ta maido maka.

Ɗauko rasitan wata uku da suka wuce, ka ƙirga sau nawa kowane kaya ya fita. Ba tsadarsa ake dubawa ba, yawan fitarsa. Za ka tarar kaya ƙalilan ne ke ɗauke da yawancin zirga-zirgar. Masana kan jingina wannan ga Vilfredo Pareto, masanin tattalin arziki ɗan Italiya, wanda ya lura a ƙarshen ƙarni na 19 cewa kusan kashi 80 cikin 100 na filayen ƙasarsu suna hannun kashi 20 cikin 100 na jama'a. A kan wannan aka gina tsarin ABC. Kayan da ke fita kullum su ne A, su zauna dab da ƙofa. Masu fita jefi-jefi B ne, a tsakiya. Waɗanda sai an jima ake nema, C ke nan, su tafi ƙurya. Rabin yinin da kake asara, yawancinsa a ƙafar 'yan dako yake ƙarewa. Buhun shinkafa mai kilo 50 da ake ɗaukowa daga ƙarshen sito sau da yawa a rana wahala ce da babu dalilinta, kuma ina jin tausayin yaran da ake sa wa wannan aiki.

Rabon nan ba a yi shi sau ɗaya a manta. In azumi ya matso, sukari da madara sukan koma A. A watan Disamba kuma shinkafa da mai ne ke gudu.

Lalacewar kaya kuwa, sanadinta sananne ne: an jingina tsohon kaya da bango, sabo ya zo an tare shi da shi. Ka bar hanya ta gaba da ta bayan kowane jeri, a riƙa zubawa ta baya ana ɗauka ta gaba. Ga abinci, "wanda ya fara shiga shi ke fara fita" bai wadatar ba, domin kamfani na iya kawo maka kwalin da wa'adinsa ya fi na jiya kusa. Wanda wa'adinsa zai riga ƙarewa shi zai riga fita. A rubuta watan ƙarewar da manyan baƙaƙe a gefen da ido ke gani. A ɗora komai kan katako, nesa da bango, saboda laimar damina daga Afrilu zuwa Oktoba, kada kuma tulin madara ya kai ga kwanon rufi a zafin Maris. Sabulu ya yi nesa da abinci, don shinkafa da fulawa suna ɗaukar ƙanshinsa.

Shawarar wurin dindindin tana da kyau ga kayan A kawai. In ka yi wa kowane kaya haka, za ka ga gurabu a buɗe alhali tirela na jira a waje. Sauran su shiga duk inda aka samu fili, da sharaɗin kowane gurbi yana da lamba a rubuce, kamar layi na 3 gurbi na 5, kuma mai kula da sito ya rubuta a katin kaya, wato katin da ake rubuta shiga da fitar kowane kaya, nan take. Kayan da an riga an saye su kafin su iso, kada ma su shiga ciki, daga tirela su wuce motar mai su.

Maimakon rufe sito don ƙidayar shekara, a ƙirga kaya biyar ko shida kowace safiya, na A su fi yawan zagayowa. Idan kati da abin da ke ƙasa suka riƙa yin daidai wata bayan wata, lokacin sayen manhaja ya yi, kuma ka nemi wadda ke riƙe lambar gurbi da ranar ƙarewar wa'adi.