Tambaya da Amsa: Wace kyamara zan saya don hoton duwatsu da daji?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Malam, ni malamin makaranta ne a Zariya. Shekara biyu ke nan ina ɗaukar hoton duwatsu da gonaki da wayata, yanzu na ɗan tara kuɗi ina son sayen kyamara ta gaske. Abokina ya ce in ba babbar nan da ake kira ful-firem ba, asarar kuɗi ce. In zuba duk abin da na tara a kanta ne? Kuma wane gilashi zan haɗa mata?

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Abokinka bai yi ƙarya ba, ful-firem, wato kyamara mai babban sansa (farantin da ke karɓar haske a cikinta), tana da daɗi, musamman in haske ya yi ƙasa. Amma in ka ƙarar da kuɗinka a kanta, ka dawo gida da gilashi ɗaya mai araha, ka sayi doki ne babu sirdi babu linzami.

Da ni ne, ta hannu zan nema cikin matsakaitan nan: Canon 80D da ta fito a 2016, ko Nikon D7200 ta 2015. Kowacce megafiksel 24 ce, wanda ya isa a buga hoto mai faɗin inci 20 ya fito tas. Dutse ba ya gudu, don haka kada mai shago ya ruɗe ka da yawan hoton da kyamara ke ɗauka a daƙiƙa ɗaya. Wannan na masu hawan sallah ne da ƙwallon ƙafa.

Maganar tana wajen gilashi, wato abin da masu hoto ke kira lens. Kowa zai ce maka ka sayi mai faɗi, mai kwaso ko'ina. Ni ma haka aka ce mini. Ranar da na fara tsayawa gaban Dutsen Kufena da gilashi mai milimita 10, na dawo da murna, ina buɗe hoton a kwamfuta sai ga dutsen nan ya koma kamar suri a tsakiyar gona, rabin hoton sama, rabi ƙasa. Ashe gilashi mai faɗi yana tura abin da ke nesa ya ƙara nisa. Ƙasarmu kuwa shimfiɗaɗɗiya ce, duwatsun a warwatse suke can nesa. Yanzu fiye da rabin hotunan da nake so da dogon gilashi na ɗauke su, domin shi ne ke jawo dutse, ya matso da kuka da giginya da garken shanu su zauna kusa da juna cikin hoto guda.

Saboda haka, in Canon ka ɗauka, fara da ɗan gilashi mai milimita 18-55 da yawanci ake haɗowa da kyamara, ka ƙara masa 55-250. Na Nikon kuma akwai 70-300. Mai faɗin, kamar 10-18 na Canon ko 10-20 na Nikon, ya biyo baya, ranar da za ka Gurara ko Matsirga, inda za ka tsaya dab da ruwa da duwatsu a gabanka. Kada ka biya kuɗin gilashi mai f/2.8, wato mai buɗe ƙofar haske sosai (ƙaramar lamba, babbar ƙofa). Ga tsada ga nauyi, aikinka kuwa a f/8 zuwa f/11 za ka riƙa yin sa.

Ragowar kuɗin ka sayi sitan mai ƙafa uku, mai ƙarfi, ba irin wanda iska ke kaɗawa ba. Hasken da ya fi kyau na bayan asuba ne da na dab da magariba, lokacin da hannu ba ya riƙe kyamara cak. Sai batir na biyu, tunda a daji babu inda za ka yi caji.

Ga abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya: ƙurar hunturu. In ka cire gilashi a fili lokacin hazo, ƙura ta shiga ta zauna kan sansa, sai ka ga ɗigo-ɗigo a sararin sama, kuma a daidai f/11 ɗin nan suka fi bayyana. Kyamarori marasa madubi na zamani sun fi kamuwa, don da yawansu sansarsu a buɗe take da zarar an cire gilashi. Ka canza cikin mota, bakin kyamara na kallon ƙasa, ka ajiye 'yar robar hura iska a jaka. Kada ka hura da baki, kada ka goge da bakin riga. Ni dai na fi son fita a ƙarshen damina, Satumba zuwa Oktoba, ga kore ga iska garau.

In ka je sayen ta hannu, ka sa a duba maka adadin hotunan da ta taɓa ɗauka. Sannan ka haska gilashin da tocilar waya ta baya. In ka ga wani abu kamar saƙar gizo-gizo a ciki, ruɓar danshi ce, ka mayar masa da kayansa ko da ya yi maka ragi.