Ciwon Gwiwa da Maganin Kemis: Wanne Za a Saya, Wanne Za a Bari?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifiyata ta haura shekara 65, gwiwoyinta sun daɗe suna damunta, har ruku'u yana yi mata wuya. Akwai mai kemis a unguwarmu da ke yi mata haɗi, ƙwaya huɗu ko biyar a ƙulle a leda, tana sha safe da yamma. Wallahi tana jin daɗinsa sosai. Amma kwanan nan tana kukan zafin ƙirji, fuskarta kuma ta yi cika. In ci gaba da saya mata? Daga wata 'yar uwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya saka miki da alheri kan ɗawainiyar da kike yi. Shawarata ita ce ki kai ta asibiti cikin makon nan, ki tafi da ƙullin maganin a hannunki, ki buɗe shi a gaban likita ko ƙwararren mai harhaɗa magunguna, su gaya miki sunan kowace ƙwaya.

Ga abin da ya sa hankalina bai kwanta ba. Haɗin ciwon jiki da ake ƙullawa a leda sau da yawa yakan ƙunshi magunguna biyu ko uku 'yan gida ɗaya, misali diclofenac da ibuprofen da piroxicam. Launinsu ya bambanta, wani kafso ne wani ƙwaya, shi ya sa mutum zai ɗauka kowanne da aikinsa. Alhali duk hanya ɗaya suke bi. Jiki yana samar da wani sinadari mai suna prostaglandin, shi ke kawo kumburi da zugi a gaɓar da guringuntsinta ya side. Waɗannan magunguna suna hana jiki samar da shi, sai ciwon ya lafa. To amma wannan sinadarin dai shi ne ke sa ciki ya fitar da yauƙin da ke kare bangonsa daga asid, shi ne kuma ke taimaka wa jini ya ratsa ƙoda yadda ya kamata. Idan aka haɗa biyu a sha tare, sauƙin ciwon ba ya ƙaruwa a zo a gani, amma haɗarin gyambon ciki da zubar jini yana ƙaruwa. Ga wanda ya kai shekarun Hajiya abin ya fi muni, domin a jikin tsofaffi olsa kan yi nisa ba tare da wani ciwon kirki ba, sai kawai a ga mutum ya yi fari fat, jiri yana ɗibarsa.

Cikar fuskar da kika ambata tana iya zuwa ta hanya biyu. Ko dai ƙoda ce ta fara riƙe ruwa, ko kuma akwai prednisolone ko dexamethasone a cikin haɗin, irin wanda wasu mata ke sha don neman ƙiba. Su ne ke sa tsoho ya miƙe garau cikin kwana biyu har a riƙa yabon mai kemis. Amma idan an daɗe ana sha suna tayar da suga, su tayar da hawan jini, su raunana ƙashi, kuma haɗa su da diclofenac yana ƙara haɗarin zubar jinin ciki. Wani abu mai muhimmanci: wanda ya yi makonni yana shan irin wannan ba a yanke masa rana ɗaya, a hankali likita ke ragewa. Shi ya sa ban ce ki zubar da ledar a yau ba, na ce ki kai a duba da wuri.

Ki tambayi Hajiya, a keɓe cikin ladabi, yadda bayan gidanta yake. Idan ya zama baƙi wuluk kamar kwalta, mai yauƙi da wari na daban, ko ta yi aman jini, ko fitsarinta ya ragu ƙafafu sun kumbura, to ba maganar jiran mako ba ce, a tafi asibiti a ranar. A can ki roƙa a auna mata jini, a yi gwajin ƙoda da na suga, a duba hawan jini.

Abin da zan so ki saya a madadin haɗin shi ne man shafawa na diclofenac. Ga gwiwa da yatsun hannu yana aiki ƙwarai, domin gaɓar tana kusa da fata, kuma abin da ke shiga jini kaɗan ne in aka kwatanta da ƙwaya. A shafa sau uku ko huɗu a yini a kan lafiyayyar fata, a wanke hannu bayan an gama. Ana iya ƙara paracetamol, ƙwaya biyu masu miligiram 500 a lokaci guda, kada a wuce ƙwaya 8 a awa 24, kuma ga tsohuwa marar jiki ko mai ciwon hanta a rage ƙasa da haka. Idan likita ya ga dole sai ta sha ƙwaya mai ƙarfi, zai ba ta guda ɗaya tak, na 'yan kwanaki, galibi tare da omeprazole don kare ciki. Ki kuma saya mata sanda mai kyau, ta riƙe a hannun da ke ɗaya ɓangaren gwiwar da ta fi ciwo, da kujerar da za ta riƙa sallah a kai ranar da tsayuwa ta gagara. Malamai sun yi bayanin wannan sauƙi. Kada ta daina tafiya gaba ɗaya, domin naman cinya in ya yi rauni gwiwa ce ke ɗaukar nauyin.

Tambaya: Ni direba ne, shekarata 54, ina da hawan jini, ina shan lisinopril da ƙwayar da ke sa fitsari. Ƙugu da gwiwa suna damuna. Tsakanin diclofenac da ibuprofen wanne ya fi? Kuma an ce ɗan waje mai tsada ya fi lafiya, allura kuma ba ta taɓa ciki. Gaskiya ne? Daga wani ɗan uwa a Maraɗi.

Amsa: Malam, da za ka bi tawa, babu wanda za ka saya a cikin biyun sai likitan da ke duba hawan jininka ya sani. Lisinopril da ƙwayar fitsari da maganin kumburi, idan suka haɗu su uku a jiki ɗaya, sanannen haɗi ne da ke iya durƙusar da ƙoda cikin 'yan kwanaki. Kai kuma da kake yini a mota cikin rana, kana zufa, wataƙila kana rage shan ruwa don kada ka yi ta tsayawa a hanya, ka fi kowa shiga wannan haɗari. Ban da haka, magungunan kumburi suna riƙe gishiri da ruwa a jiki, sai awon jininka ya hau alhali kana shan maganinka kullum.

Game da zuciya, diclofenac ne ya fi damun likitoci. A 2013 hukumar kula da magunguna ta Tarayyar Turai ta ce kada a ba wa masu ciwon jijiyoyin zuciya, da masu gazawar zuciya, da waɗanda suka taɓa samun shanyewar ɓarin jiki. A 2015 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta tsananta gargaɗinta a kan rukunin magungunan kumburi, ban da aspirin, cewa haɗarin bugun zuciya na iya farawa tun a makonnin farko na sha. Idan likitanka ya yarda da ibuprofen, ƙa'idar wanda ya saya da kansa ita ce miligiram 200 zuwa 400 a lokaci guda, bayan cin abinci, kada a wuce 1,200 a yini, kuma na kwanaki kaɗan. In kana shan ƙaramin aspirin na miligiram 75 don zuciya, ka faɗa masa, domin ibuprofen na iya rage masa aiki.

Maganar tsada kuwa, Voltaren da Cataflam duk diclofenac ne, Brufen ibuprofen ne, Feldene piroxicam ne. Kuɗin da ka ƙara ba ya cire illar, sinadarin ɗaya ne. Abin dubawa shi ne ingancin wurin da ka saya. Ka karɓi magani a cikin katinsa, da sunansa da ƙarfinsa da ranar ƙarewar wa'adinsa a rubuce. In a Najeriya ka saya ka duba lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna. Wanda ya yini a faranti ko bayan babur rana tana dukansa, ka bar shi. Ka riƙa karanta ƙananan rubutun da ke ƙarƙashin babban sunan, domin Ibucap yana ɗauke da ibuprofen, garin Alabukun kuma aspirin ne da kafeyin. Direbobi da yawa suna kora waɗannan da shayi a tasha, sannan su sha diclofenac da dare, ba su san sun ninka ba.

Allura ba ta tsallake ciki. Ta cikin jini maganin ke hana cikin kare kansa, don haka ko ta baki ya shiga ko ta tsoka, haɗarin olsa da na ƙoda yana nan, ga kuma ƙurjin da allura kan haifar in ba a yi ta da tsafta ba.

Tambaya: Idan azumi ya zo, yaushe ya fi dacewa in sha maganin gwiwata? Daga wani dattijo a Gusau.

Amsa: Baba, in likita ne ya rubuta maka, ka sha bayan buɗa baki, bayan ka ci abinci sosai ka sha ruwa ya ratsa jiki. Wanda ake sha da sahur shi ya fi ba ni tsoro a lokacin zafi, saboda maganin zai yi aiki a daidai sa'o'in da jiki ke bushewa. Ka je kafin watan ya kama a sake tsara maka lokutan, a kuma duba ƙodarka.

Tambaya: Shekarata 31. Yatsun hannuwana biyu da wuyan hannu suna kumbura, da asuba ba na iya dunƙule hannu sai rana ta ɗaga. Wata shida ke nan ina shan diclofenac. Akwai wanda ya fi shi ƙarfi? Kuma muna neman haihuwa. Daga wata 'yar uwa a Kumasi.

Amsa: 'Yar uwa, abin da kika kwatanta bai yi kama da sidewar gaɓa ta tsufa ba. Kumburi a hannu biyu lokaci guda, da sandarewar safe da ke wuce awa guda, alama ce ta nau'in amosanin da garkuwar jiki ke afka wa gaɓɓanta. Diclofenac zai rage miki zugi, amma ba ya hana cutar cin gaɓar, kuma yatsan da ya karkace ba ya komawa daidai. Akwai magungunan da ke dakatar da ɓarnar, kuma sun fi amfani in an fara su a watannin farko. Ki nemi a tura ki wurin likitan gaɓɓai a babban asibiti, kamar asibitin koyarwa na Komfo Anokye da ke nan garinku, a yi miki gwajin jini da hoto.

Ki gaya masa batun haihuwa tun a zaman farko. Methotrexate, wanda aka fi farawa da shi, yana illa ga ɗan tayi, ba a ba mai ciki ko mai neman ciki. Akwai wasu da za a zaɓa miki. Diclofenac ɗin ma yana iya kawo cikas ga fitar ƙwan haihuwa ga wasu mata, kuma daga mako na 20 na ciki ana guje masa saboda yana rage ruwan da jariri ke kwance a ciki, a watanni ukun ƙarshe kuwa an hana shi. Ki kula musamman da wanda aka haɗa shi da misoprostol, irin su Arthrotec, domin yana iya jawo ɓari. Ki ɗauki duk katunan maganin da kike sha, har da na gargajiya, ki tafi da su ranar ganin likita.