Amsa ga mai tambaya kan batirin motar da ba a cika hawa ba

Wallahi ɗan'uwa, da na karanta cewa motarka tana yin sati biyu a ajiye, in ka zo tayarwa sai ta yi ƙas-ƙas ta yi shiru, ji na yi kamar labarina kake bayarwa.

Ni daren da ba na mantawa, wajen ƙarfe 2 numfashin mahaifiyata ya sarƙe. Da ƙyar na tallabo ta na kwantar a kujerar baya. Na murɗa makulli, fitilun gaban direba suka kawo suka dusashe. Na sake murɗawa, ƙas. Ga motar otomatik ce, turawa ba ta tayar da ita. Haka na bi ƙofofin maƙwabta ina bugawa ba takalmi a ƙafata, ina jiyo tarinta daga cikin mota. Alhamdu lillahi ta samu sauƙi, amma har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Wanda ya fi ƙona min rai shi ne mai gyaran wutar da ya ce in riƙa tayar da ita kowace safiya, minti 5 a tsaye. Shawararsa ce ta kashe min batir biyu. Tayar da inji yana zuƙar wuta da yawa, kuma minti 5 mota na silo altaneta, wato na'urar da ke yi wa batir caji, ba ta mayar da abin da aka ci. Kullum ana ɗiba, ba a zubawa. Shi kuwa ko mitar auna wutar batir bai taɓa ɗorawa ba, sabo kawai yake miƙo min.

Don Allah ka sayi mita. Batir mai cikakken caji yana nuna wajen volt 12.6 in inji na kashe. Ka ga 12.2, rabi ya tafi, kada ka bar shi ya ci gaba da kwana a haka, don batirin da ya daɗe ba caji ba ya komawa yadda yake. In inji na aiki ya kamata ka ga kusan 14, in bai kai ba ka sa a duba altaneta.

Ko a kashe take, agogo da alam da kwamfutar mota suna shan wuta. Ni yanzu in zan wuce sati ban hau ba, cire kan batir mai alamar (-) nake yi. Rediyo zai manta tashoshi, ban damu ba. In kana da wuta kusa, akwai ƙaramar caja mai tsayawa da kanta in batir ya cika, ita ta fi. In babu, ka fita da motar sau ɗaya a sati, tafiyar minti 30 ko fiye. Ka duba fitilar but ma, tawa ashe ba ta mutuwa in an rufe. Sannan wayar jona batir da batir kada ta bar cikin motarka, ni da ina da ita a daren nan da ban kai ƙofa ta huɗu ba.