Katin Kantunan Sari a Amurka: Shin Kuɗin Shekara Yana Fita?

Wani ɗan'uwa mazaunin unguwar Bronx a birnin New York ya aiko da tambaya. Yana da mata da 'ya'ya huɗu, ƙananan biyu ba su daina sanya famfas ba, kuma tuƙin motar haya ne sana'arsa. Ya ce abokan aikinsa sun dame shi da shawarar ya yanki katin zama mamba a manyan kantunan sari na Costco ko BJ's, amma ransa bai kwanta da biyan kuɗi don kawai a bar shi ya shiga kanti ba. Yana son sanin ko kuɗin yana fita, ko takardunsa na zama da ba su kammala ba za su hana shi yin rajista, da kuma ko zai iya tara tsarabar da yake aikawa gida kafin Sallah daga irin waɗannan kantuna.

Malam, ina yi maka fatan alheri, kai da iyalinka. Shakkar da kake yi tana kan hanya, domin a kasuwannin da muka taso muka sani ba a biyan kuɗin shiga, mai kaya ne ma yake kiranka yana yi maka ragi. To amma waɗannan kantuna a kan wani tsari dabam aka gina su, kuma sai ka fahimci tsarin za ka gane ko kai ne za ka ci ribarsa ko kuwa da kuɗinka wasu za su ci.

Wani ɗan kasuwa mai suna Sol Price ne ya buɗe irin wannan kanti mai suna Price Club a San Diego a 1976, daga baya Costco da Sam's Club suka fito a 1983, BJ's kuma a 1984. Dabararsu ita ce su rage ribar da suke ɗorawa a kan kaya, su ajiye nau'o'in kaya kaɗan amma su sayar da su da yawa, sannan su nemi kaso mai tsoka na ribarsu daga kuɗin katin. Costco yana ajiye kaya kimanin iri 4,000 ne, alhali babban kanti na yau da kullum yana iya kai iri 30,000. A shekarar kuɗi ta 2024 kamfanin ya tara kusan dala biliyan 4.8 daga kuɗin kati kaɗai, ribarsa gaba ɗaya kuma ta kai kusan biliyan 7.4. Ma'anar wannan ita ce sauƙin farashin da ake faɗa gaskiya ne a kan kaya da yawa, sai dai ka riga ka biya wani ɓangare nasa tun kafin ka ɗauki komai. Wanda ya yanki kati ya je sau uku a shekara, shi ne yake tallafa wa wanda yake zuwa kowane mako.

Tun daga 1 ga Satumban 2024, ƙaramin katin Costco dala 65 ne a shekara, babban kuma, wanda suke kira Executive, dala 130. BJ's ya mayar da ƙaramin nasa dala 60 a farkon 2025, Sam's Club kuwa ya kai nasa dala 50 a 2022. Farashin yana sauyawa, saboda haka ka tambaya a teburin rajista ranar da ka je. Dala 65 a shekara daidai take da dala 1 da senti 25 a kowane mako. Ga gida mai mutum shida wannan ba kuɗi ba ne mai wuyar fanshewa, muddin abin da za ka saya a can abu ne da ka saba saye tun da, kuma za ka iya kai shi gida, ka sami wurin ajiye shi, a cinye shi kafin ya lalace. A kan waɗannan sharuɗɗa mutanenmu suka fi yin asara, shi ya sa zan tsaya a kansu.

Ka tattara rasit na cefanen wata biyu da suka wuce, ka zauna da uwargida ku fitar da abubuwan da suke maimaituwa: shinkafa, man girki, sukari, madara, ƙwai, famfas, sabulun wanki, takardar banɗaki, ruwan roba. Sai ka roƙi abokin aikinka mai kati ya shiga da kai, domin a Costco an yarda mai kati ya zo da baƙi biyu, kodayake shi kaɗai ne zai biya a wurin mai karɓar kuɗi. Idan ka shiga, kada ka kalli babban farashin da aka rubuta a allon kowane kaya, ka duba ƙananan lambobin da ke nuna kuɗin laba ɗaya ko na famfas guda ɗaya, ka rubuta, ka kwatanta da abin da kake biya a unguwarku. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a wannan wuri ido yana ruɗuwa, saboda girman katan yana sa mutum ya ɗauka araha ce ko da ba ita ba ce. Mu ƙaddara ka tarar bambancin ya kai kashi 10 cikin 100 a kan kayan da ka lissafa: sai ka kashe dala 650 a shekara kafin kuɗin katin ya dawo, abin da ya biyo bayan haka ne naka. Da yara biyu masu famfas, ina ganin za ka wuce wannan adadi tun kafin rabin shekara.

Sai batun ɗauko kaya. Kai kana da mota, saboda haka wannan bai dame ka ba, amma ina faɗa ne domin sauran masu karantawa da suke hawa bas da jirgin ƙasa. Buhun shinkafa mai laba 50 ya haura kilo 22, ba a ɗaukarsa a ka a shiga jirgi da shi tare da jarkar mai. Wanda zai biya tasi dala 25 kowace tafiya sau ɗaya a wata ya kashe dala 300 a shekara, kuma wannan kuɗi ya isa ya cinye duk ragin da ya samu. A Bronx akwai BJ's a Bronx Terminal Market kusa da filin wasa na Yankee, Costco mafi kusa kuma suna Harlem ta Gabas da Yonkers da New Rochelle. Kantin da yake kan hanyarka ta yau da kullum ya fi wanda ya ɗan fi araha amma sai ka yi tattaki.

Wurin ajiya ne ya taɓa cutar da ni. Shekarar da na fara sayayya a irin wannan kanti, na ɗauko babban buhun albasa da katan ɗin tumatir a tsakiyar hunturu, na jingina su a lungun kicin kusa da bututun ɗumama ɗaki. Kafin mako uku albasar ta fara tsiro, ta ƙasan buhun ta yi ruwa, muka kwashe fiye da rabinta muka zubar. Na ji zafin abin ƙwarai, domin na tuna gidajen da na sani a gida waɗanda albasa uku suke saye su yi miyar kwana biyu. Ɗakunan Bronx ƙanana ne, kuma duk wanda ya zauna a tsofaffin gine-ginen ya san ɓera da kyankyaso ba sa ƙyale buhun da aka bari a buɗe. Idan za ka sayi shinkafa da gari da yawa, ka tanadi bokitai masu murfi. Idan nama ne da kaji, sai kana da firiza. In babu waɗannan, ka tsaya ga kayan da ba sa lalacewa, ɗanyen kaya kuma ka ci gaba da sayensu kaɗan-kaɗan a unguwa.

Ka kuma sani katin ba zai raba ka da kantin 'yan Afirka ba. Gero, daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, manja da garin rogo ba kayan waɗannan kantuna ba ne, saboda haka wani kaso na kuɗin cefanenka ba zai taɓa shiga lissafin ragin ba. Game da nama, a rassa da yawa na Costco ana samun naman rago daga Ostareliya mai ɗauke da tambarin halal, kuma rassan da suke kira Business Center, waɗanda kowane mai kati zai iya shiga, sukan sayar da rago ko akuya sukutum. Wannan yana da amfani idan suna ko walima ta taso. Amma ka duba tambarin a jikin kowace leda da idonka, kada ka dogara da an ce. Gasasshiyar kazar nan ta dala 4.99 da ake ajiyewa can ƙarshen kanti, wadda sai ka ratsa dukkan kaya kafin ka isa gare ta, ba a sayar da ita a matsayin halal ba. Haka ma ƙwayoyin ƙarin lafiya da alewar yara, ka karanta abin da aka haɗa su da shi, domin wasu da jelatin na alade ake yin su.

A sana'arka, man fetur ne zai iya zama babbar riba. Mu ƙaddara kana shan galan 60 a mako kuma gidan man kantin ya fi na titi sauƙi da senti 20 a galan, ka ga dala 12 ke nan a mako, cikin mako shida kuɗin katin ya dawo. Sai dai ba kowane reshe ne yake da gidan mai ba, musamman na cikin birni, kuma layin yakan yi tsawo. Minti ashirin da direba ya ɓata a layi fasinja ne ya wuce shi, don haka ka sha mai da sassafe ko bayan ka tashi aiki.

Za su yi ƙoƙarin shawo kanka ka ɗauki babban katin, suna nuna maka cewa ana mayar da kashi 2 cikin 100 na abin da ka kashe. Lissafinsa a fili yake: ƙarin dala 65 da ka biya ba zai dawo ba sai ka kashe dala 3,250 a shekara, wato kimanin dala 271 kowane wata, kuma kuɗin man fetur ba ya shiga ciki. Shawarata ita ce ka fara da ƙarami, ka ga yadda shekara za ta kasance.

Dangane da takardu, hankalinka ya kwanta. Abin da ake nema a teburin rajista shi ne katin shaida mai hoto wanda wata gwamnati ta bayar, da adireshi, da kuɗin, sannan su ɗauki hotonka. Ba ofishin shige da fice ba ne, kuma ba a neman lambar soshal (Social Security) da gwamnatin Amurka take bayarwa domin katin shiga. Inda nake so ka yi hattara shi ne katin bashi da sukan tallata a daidai wannan tebur. Wancan na banki ne, ana neman bayananka, ana bincika tarihin bashinka, kuma duk watan da ba ka biya duka ba kuɗin ruwa zai hau kanka. Mutum yana iya sa hannu yana zaton rajistar kanti yake cikewa, musamman idan Turancinsa bai zauna ba. Ka tambaya a fili wace takarda ce wannan kafin ka sa hannu, kuma kada ka rubuta lambar wani ko bayanin da ba naka ba a kowace takarda, domin irin wannan yana iya dawowa ya ɓata maka shari'ar zamanka. A Costco na Amurka katin bashi na Visa kaɗai ake karɓa, amma za ka iya biya da tsabar kuɗi ko da katin cire kuɗi na banki.

Akwai al'adarmu ta ara wa ɗan'uwa abu, wadda ba ta aiki a nan. Katin na mai hoton ne, kuma tun 2024 Costco ya fara kafa na'urar duba kati a bakin ƙofa. Ana ba da kati na biyu kyauta ga mutum ɗaya da kuke zaune a adireshi guda, wanda ya kamata ya zama na uwargida. Idan kuna son ku taimaki juna, hanyar da ba ta da matsala ita ce gidaje biyu ko uku su haɗa kuɗi kamar adashi, mai kati ya je da su ya biya, a dawo a raba buhu da katan. Na ga iyalai suna yin haka gab da azumi a kan dabino da sukari da madara da mai, kuma ta haka matsalar wurin ajiya ma tana raguwa.

Tsarabar gida kuwa tana da nata lissafin. Duk abin da za ka sa a durom ɗin da ake aika kaya gida a ciki ka haɗa kuɗin sayensa da kuɗin dako da na kwastan, ka kwatanta da farashinsa a kasuwar garinku. Shinkafa da sukari da man girki nauyi ne kawai, ya fi kyau ka aika kuɗi a saya a can, mai shagon unguwarku ma ya amfana. Abin da ya cancanci shiga durom shi ne marar nauyi mai daraja, kamar kayan sawa na yara, tawul, man goge baki da jakar makaranta. Ka duba ranar ƙarewar aiki a kan duk abin ci ko sha, domin durom yana iya yin watanni a hanya cikin zafi. Kayan wuta kuma ka kiyaye: na Amurka a kan bolt 120 aka ƙera su, wutar Najeriya da Nijar da Gana kuwa tsakanin 220 da 240 take, saboda haka injin markaɗe ko dutsen guga da ka aika zai ƙone a ranar farko in ba a haɗa shi da na'urar rage ƙarfin wuta ba. Waya da kwamfuta yawancin cajarsu tana ɗaukar duka biyun, za ka ga an rubuta 100 zuwa 240 a jikinta.

A yadda ka bayyana gidanka, ina ganin ƙaramin kati zai biya kansa, kuma ina ba ka shawarar ka yanka. Ka riƙa zuwa da jerin abin da za ka saya a rubuce, kada ka je da yunwa, kuma ka ajiye kowane rasit a ambulan guda. Costco yana mayar da kuɗin kati ga wanda bai gamsu ba, saboda haka idan bayan wata uku ka zauna da rasit ɗin ka ga kashe kuɗinka ya ƙaru maimakon ya ragu, ka koma teburin rajista ka soke. Ranar da za ka yi rajistar ka tambaye su ko sun sa katin a kan sabuntawa da kansa, ka ce a cire idan ba ka so, domin kada a zare dala 65 daga asusunka baɗi a makon da kake haɗa kuɗin haya.