Me Ya Sa Kabewa Take Fure Amma Ba Ta Ɗaura 'Ya'ya?

Tambaya: Wani mai lambun rani ya rubuto cewa kabewarsa ta yaɗo, ta cika da fure, amma furen yana kakkaɓewa, ɗan abin da ya ɗauru kuma ya ruɓe tun yana ƙanƙane. Ko iri ne ba shi da kyau?

Amsa: Malam, kada ka yi saurin zargin iri. Kabewa, kamar kankana da kokwamba, fure iri biyu take fitarwa a jikin yaɗo ɗaya. Namiji yana kan siririn tsinke mai tsawo, macen kuwa za ka gane ta da ɗan kumburi a gindinta mai siffar ƙaramar kabewa. Namijin ne yake fara fitowa, sau da yawa da mako 1 zuwa 2, kuma faɗuwarsa ba asara ba ce, domin aikinsa ba ya wuce samar da garin fure, wanda ya yi daidai da bununin masara.

Bambancin shi ne bununin masara iska ce take kwasarsa, amma garin furen kabewa yana da nauyi da danƙo, sai ƙudan zuma ya ɗauke shi a jikinsa ya kai wa macen. Furen kuma safiya ɗaya kawai yake buɗewa, kafin rana ta take ya rufe. Idan barbara ba ta samu a wannan ɗan lokaci ba, kumburin nan zai yi rawaya ya faɗi. Abin da yake damuna a lambuna da yawa shi ne feshin maganin ƙwari da sassafe, daidai lokacin da ƙudan zuma ke kan fure. Idan feshi ya zama dole, a bari sai da yamma.

Inda ƙudan zuma suka yi ƙaranci, kai ma za ka iya yin aikin. Tsakanin ƙarfe 6 da 9 na safe ka tsinko namijin fure, ka cire masa ganyen furen, ka goga tsakiyarsa a hankali a tsakiyar macen.

Ruɓewar kuma tana iya samun wani dalili dabam. Ka fasa ɗaya daga cikin 'ya'yan da suka ruɓe ka duba. Idan ka ga farar tsutsa a ciki, ƙudan 'ya'yan itace ne ya huda fatar ya saka ƙwai. Cikin 'yan kwanaki ƙwan yake ƙyanƙyashewa, tsutsar ta ci ta ƙoshi, sannan ta sauka cikin ƙasa ta rikiɗe ta fito sabon ƙuda. Saboda haka duk ɗan kabewar da ya faɗi kada a bar shi a gindin shuka. A tsince shi a ƙulle cikin baƙar leda, a ajiye a rana na kwanaki har tsutsar ta mutu, ko kuma a binne shi a rami mai zurfi.