Wace sanarwa ce ta cancanci a aika wa 'yan ƙungiyar unguwa?

Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Ka tambaya ko duk abin da aka kawo maka dole ka sanar wa 'yan ƙungiyarku, tunda wasu na ƙorafin ka hana su tallan kaya.

Ni dai ga ma'aunina: in mutum bai ji ba, akwai abin da zai wuce shi? Rasuwa ba ta jira, don wanda ya cika da safe sau da yawa kafin azahar an kai shi makwanci. Faɗi sunan mamacin, inda za a yi sallah, da ƙarfe nawa, shi ke nan. Ta'aziyya kowa ya taka zuwa gidan. Haka ma ka sanar da ranar taro, gayyar yashe kwata kafin damina, kuɗin 'yan sintiri, karo-karon gyaran taransifoma, zuwan masu rigakafi da cigiyar yaro.

Ɗaurin aure da suna, na ɗan ƙungiya kawai, shi ma sau ɗaya. Mai atamfa da dillalin fili su yi haƙuri, ɗan siyasa ma haka, ko da shi ya saya muku kujeru.

Inda ake shan wuya shi ne neman taimakon mara lafiya. Kada ka sanar sai mutum biyu daga kwamiti sun je sun gani da idonsu, iyalin kuma sun yarda a ambaci sunansu, don wani gidan gara su kwana da yunwa da a ji sirrinsu a waje.

Ku rubuta ƙa'idar a taro mai zuwa, shugaba da mai unguwa su sa hannu, mai ƙorafi ka nuna masa takarda.